Me ya kashe shukar ɗiyata a Kanada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce daga Tumfure a nan Gombe. Ɗiyata tana aure a wani gari kusa da Toronto a Kanada, kuma gidansu akwai ɗan fili a baya. Bara na aika mata irin kuɓewa, yakuwa, alayyafo, attaruhu da albasa, duk daga Kwadon aka sayo mini su. Ƙanƙara na narkewa a watan Afrilu ta shuka, suka tsiro, dare ɗaya suka yi baƙi suka kwanta. Ta sake shukawa, kuɓewa ta yi tsawo har ta wuce mutum amma ba 'ya'ya, albasa kuma ba ta wuce girman goro ba. Ga maƙwabta sun hana ta ƙona busasshen ganye, sun ce feshin magani ma doka ta hana, wai kare muhalli. Iri ne ba shi da kyau, ko hannunta ne? Bana me za ta yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Irinki lafiyarsa ƙalau, hannun ɗiyar tamu ma ba abin da ya same shi. Abubuwa biyu ne suka haɗu mata, kuma kowanne da maganinsa daban. Shukar farko sanyi ne ya kashe ta. Ta biyu kuwa tsawon yini ne ya ruɗa ta, abin da mu a nan ba mu cika lura da shi ba domin bai taɓa damunmu ba.

Bari mu fara da sanyin. A can narkewar ƙanƙara ba ita ce alamar fita shuka ba. Kin san ruwan farko a nan, na ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu: ya sauko da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, mai gaggawa ya fita da iri, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Shi ya sa manya ke cewa a bari damina ta zauna. To ɗumin Afrilu a lardin Ontariyo, inda Toronto take, haka yake yaudarar baƙo. Da rana zafi na iya kai digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, mutane su fito ba rigar sanyi. Da dare idan sama ta washe, iska ta tsaya cak, ƙasa sai ta saki ɗumin da ta tara, kafin asuba raɓa ta daskare a kan ganye. Ruwan da ke cikin ganyen shi ma ya daskare ya farfasa shi daga ciki. Rana na fitowa sai a ga shuka ta langaɓe ta yi baƙi, kuma ba ruwa ba taki da zai tashe ta. Ta kuma lura da wannan: zafin da ake faɗa a hasashen yanayi ana auna shi ne a sama da ƙasa, wajen tsayin mutum. Idan aka ce daren yau digiri 2 ko 3, a daidai inda ɗan tsiro yake yana iya zama 0. Sanyi kuma gangarawa yake yi ya taru a kwari, don haka gefen fili mafi ƙasa shi ke fara ƙonewa.

Kowane gari a can yana da ranar da aka lissafa a matsayin ƙarshen daskarewar raɓa. A kewayen Toronto tana faɗowa tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu, gwargwadon kusancin wuri da tafkin Ontariyo, domin ruwan tafkin yana sassauta sanyi. Amma matsakaicin lissafi ne na shekaru da yawa, ma'ana a kusan rabin shekarun raɓar takan sake daskarewa bayan ranar. Saboda haka mutanen wurin suka ɗauki hutun tunawa da Sarauniya Biktoriya, wanda ake yi ranar Litinin ta ƙarshe kafin 25 ga Mayu, a matsayin lokacin fitar da tumatir da danginsa. Jamusawa ma suna da irin wannan al'adar, ba sa dasa kayan zafi sai ranakun 11 zuwa 15 ga Mayu sun wuce. Ni kuwa a kan kayanmu zan ƙara mata mako biyu a kan na maƙwabtanta. Tumatir yana haƙuri da daren digiri 10. Kuɓewa ba ta yi. Ko raɓa ba ta daskare ba, idan ƙasa na da sanyi irin kuɓewa ruɓewa yake a ciki, wanda ya tsiro kuma ya tsugune ya yi rawaya, har damina ta ƙare bai warware ba. Tana son ƙasa ta kai wajen digiri 20. Wannan sai farkon Yuni. Ma'aunin zafin ƙasa ba shi da tsada a shagunan kayan lambu, ta saya ta riƙa soka shi da safe, ya fi kallon kalanda.

Ba wai ta naɗe hannu a Afrilu ba. Akwai kayan da sanyin nan shi ne daɗinsu: latas, kabeji, karas, albasa. Irin latas yana tsirowa a ƙasa mai digiri 5. Idan kin duba, su ne dai kayan da masu lambu a Dadin Kowa da Kwadon ke nomawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, su kuma watse da zarar zafin Maris ya shigo. Abin da muke nomawa a sanyinmu shi za ta shuka a Afrilu da Mayu. Abin da muke nomawa da damina shi ne na Yuni zuwa Satumba. Idan ta riƙe wannan, rabin ruɗanin ya tafi.

Sai dai kada ta taɓa ƙasa tana jiƙe sharkaf. Ƙasar yankin da yawanta laka ce, kuma bayan narkewar ƙanƙara takan cika da ruwa. Wanda ya yi kaftu a lokacin zai samu hoge masu tauri da za su dame shi shekara guda. Ta damƙi ƙasa a hannu ta matse. In ta dunƙule ta ƙi wargajewa da ɗan yatsa, ta bari tukuna. Kafin ta haƙa rami mai zurfi ko ta kafa turke kuma, dokar Ontariyo ta ce a fara kiran hukumar da ke nuna inda bututun gas da wayoyin lantarki suke binne. Kyauta ne, mai gidanta ya kira.

Matsalar jira zuwa Yuni ita ce lokaci gajere ne. Raɓa na dawowa daskarewa a Oktoba, wani lokaci tun farkonsa. Kayan zafi ba su da fiye da wata huɗu na kirki a waje, alhali attaruhu kaɗai yana cin wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ya nuna. Mafita ita ce reno a cikin ɗaki. Renon iri ba baƙon abu ba ne gare mu, duk mai lambun albasa da tattasai yana yi, bambancin kawai nata a kan tebur zai kasance, ana hura ɗumi a gida ƙanƙara na zuba a waje. Lissafin daga ranar dashe ake yin sa a komo baya. Attaruhu shi ne mai nawa, a ba shi mako 10 zuwa 12, wato a zuba irinsa a tsakiyar Maris. Yana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30 kafin ya tsiro, kuma yakan yi mako biyu ko uku bai leƙo ba, kada ta zubar ta ce ya mutu. Tattasai da gauta mako 8 zuwa 10, ƙarshen Maris ke nan. Tumatir mako 6 zuwa 8, farkon Afrilu. Kuɓewa da kabewa ba sa son a taɓa saiwarsu, sai a shuka kowace ƙwaya a ɗan gwangwaninta mako uku ko huɗu kafin dashe, a juye ta da ƙasarta gaba ɗaya. Alayyafo da lalo ba sa buƙatar wannan wahalar, a yafa su kai tsaye a fili a farkon Yuni. Irin lalo yana da taurin ɓawo, a tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan a shanya kafin a yafa.

Abu biyu ke kashe reno a ɗaki. Ɗaya ƙarancin haske: tsiro ya miƙe siriri, fari-fari, yana karkata wajen taga, daga baya ya faɗi. Tagar da ke kallon kudu ita ce mai rana a can, domin rana ba ta bi ta tsakar ka kamar a nan, ta gefen kudu take ratsawa duk shekara. In tagar ba ta isa ba, fitilar lantarki mai farin haske, a rataye ta dab da kan tsiron, awa 14 zuwa 16 a yini. Na biyu yawan ruwa. Uwa mai tausayi tana ban ruwa safe da yamma, sai gindin tsiro ya tsuke ya ruɓe. A bari saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin a ƙara, kuma gwangwanin ya zama da huda a ƙasa.

Daga ɗaki ba a kai dashe fili kai tsaye. Ganyen da ya girma a bayan gilashi bai san rana ba, bai san iska ba, yini ɗaya ya ishe shi ya yi fari ya bushe. Sai an yi masa sabo na kwana 7 zuwa 10: ranar farko awa ɗaya ko biyu a inuwa, a mayar ciki, kullum ana ƙarawa, har ya kwana a waje. Bayan dashe ma ta riƙa duba hasashe. In an yi gargaɗin daskarewar raɓa, ta lulluɓe su da tsohon zanen gado tun da yamma, ta yaye da safe. Leda in ta taɓa ganye ba ta kare shi.

Yanzu ga kuɓewar da ta wuce mutum ba ɗa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ban sha'awa, kuma shi ne wanda maƙwabtan nata ba za su iya gaya mata ba, domin ba su san irinmu ba.

Shuke-shuke da yawa ba sa fure don sun girma. Suna fure ne idan tsawon yini da na dare suka kai wani mizani. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka tabbatar da haka a 1920, da gwaji a kan taba da waken suya. Manomanmu sun san aikin tun kafin nan ko da ba su ba shi suna ba: dawar gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya take fitar da kai, a ƙarshen damina. Waken gargajiya mai yaɗo haka, yakuwa haka. Hikima ce babba, domin amfanin gona ya nuna a lokacin da ruwa ya ɗauke, bai ruɓe a gona ba. Abin da suke jira shi ne yini ya fara gajarta. A Gombe yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta bai sauka ƙasa da awa 11 da rabi ba. Ɗan wannan bambancin irinmu ke karantawa.

A Toronto kuwa yini a watan Yuni yana haura awa 15. Ɗiyar tamu ta san wannan ba sai an faɗa mata ba, tunda magariba sai wajen ƙarfe tara na dare take yi musu a lokacin. Yini ba ya saukowa awa 12 sai ƙarshen Satumba. Saboda haka irin kuɓewarmu mai jiran gajeren yini zai yi ta tsawo yana ganye yana jira, ya fara fure ana saura mako biyu ko uku sanyi ya kashe shi. Yawan taki mai sa ganye ma yana ƙara abin, amma ga yadda kika kwatanta, tsawon yini na fi zargi. Maganin shi ne ta sayi irin kuɓewar da aka tace don irin waɗannan wurare. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Clemson Spineless, na jami'ar Clemson a Amurka, wanda ya fito tun 1939. Yana fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, ba ruwansa da tsawon yini. Gaskiya yauƙinsa bai kai na tamu ba, a ganina, amma in an tsinke shi yana ƙarami yana yin miya mai kyau. Ta dasa shi jikin bangon da ke kallon kudu, ko a baƙar tukunya babba, inda zafi ke taruwa.

Albasa kuma labarinta a juye yake. Tamu tana fara yin kai ne da zarar yini ya kai awa 11 zuwa 12. A can tun ƙarshen Maris an wuce haka. Don haka tana tsirowa, ganye uku ko huɗu, sai ta ji lokaci ya yi ta fara ɗaura kai. Kowane ganyen albasa shi ne ɓawo ɗaya a cikin kan, wadda ba ta tara ganye ba ba ta da abin yin girma. Albasar can sai yini ya kai awa 14 zuwa 16 take yin kai. Ita za ta saya, ana sayar da 'yan ƙananan kawuna na dashe a Afrilu. Ragowar irin namu ta shuka shi don lawashi.

Ga kuma inda dogon yinin ya zama riba. Yakuwa ba za ta ba ta zoɓo ba, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, domin sanyi zai riga ta. Amma tunda ba ta fure, duk ƙarfinta a ganye yake ƙarewa, kuma ganyen muke so a miya. Rama ma haka, ga kwaɗo duk damina. Alayyafo cikin mako huɗu ko biyar an fara yanka, yana sake tohowa. In da ni ne da ɗan filin nan, abin da zan cika shi da shi ke nan: yakuwa, rama, alayyafo, lalo, gauta, attaruhu gindi huɗu ko biyar, kabewa ɗaya a gefen katanga. Karas da kabeji da albasa suna da araha a kantunan can, ba su cancanci a ba su fili mai tsada ba, sai dai don yara su ga yadda ake yi. Abin da kuɗi ba ya saya da sauƙi shi ne ɗanyen ganyen gida.

To sai batun maƙwabta. Hajiya, ba tsangwama ba ce, mafi yawan abin da suka faɗa doka ce, kuma dokar tana da dalili.

Ƙona shara a fili ba tare da izini ba an hana shi a Toronto da yawancin biranen Ontariyo. Gidajensu katako ne a ciki, ga hayaƙi da ke shiga gidan kowa. Amma ko babu doka, ni ba zan bar ta ta ƙona ba, kamar yadda nake faɗa da manomanmu masu cinna wa kara da ciyawa wuta lokacin sharar gona. Busasshen ganyen nan da bishiyoyinsu ke zubarwa a Oktoba taki ne kyauta. A tara shi a lungu ɗaya, a riƙa haɗa shi da ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, ragowar ganyen miya da ɗanyar ciyawar da aka yanke, ana juyawa jefi-jefi. Da hunturu tarin zai daskare ya tsaya, ɗumi na dawowa ya ci gaba da ruɓa. Banda nama, kifi da abinci mai maiƙo, domin suna jawo ɓera da rakun, wata dabbar dare da ta ƙware wajen buɗe murfin shara. Waɗannan a zuba su a koren mazubin da hukumar birni ke kwashewa, su ma taki ake yi da su. Toka kuwa, wadda mu muke zubawa a lambu ba tunani, ta yi hattara da ita. Ƙasar kudancin Ontariyo da yawanta a kan dutsen farar ƙasa take, ba ta da tsami, yawan toka sai ya sa shuka ta kasa jan wasu sinadaran daga ƙasa.

Rufe ƙasa da ganye yana da kyau, amma lokacinsa ya bambanta da namu. Mu muna rufewa don ƙasa ta yi sanyi ta riƙe laima. Ita a Mayu ɗumi take nema, saboda haka ta buɗe wurin da za ta dasa kayan zafi rana ta buge shi, sai tsakiyar Yuni ta rufe. Sauran lungunan gidan kuwa ta bar musu ganyensu da busassun karare har ɗumi ya zauna. A cikinsu ne ƙudan zuman daji da wasu ƙwari masu amfani ke ɓuya su wuce hunturu. Wanda ya share tas a farkon Afrilu ya kwashe su ya zubar.

Za ki ce ina ruwan mai miya da ƙudan zuma. Kabewa tana da furen namiji daban, na mace daban. In ƙwaro bai ɗauki garin wannan ya kai wa wancan ba, 'yar kabewar sai ta yi rawaya ta faɗi tun tana ƙarama. Wannan na cikin dalilan hana feshi. Tun watan Afrilun 2009 Ontariyo ta hana amfani da yawancin magungunan ƙwari da na ciyawa a filayen gidaje da lambuna don ƙawa kawai, aka bar masu sauƙin illa irin su sabulun feshi. Ba su kaɗai ba ne. Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna uku masu cutar da ƙudan zuma a fili a 2018, Faransa kuma ta hana sayar wa masu lambun gida magungunan feshi na sinadari daga farkon 2019. Ni da nake ganin yaranmu a fadama suna feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, a yi feshi yau a kai kasuwa jibi, ba zan ce Turawa sun yi tsanani ba. Fiya-fiyar da ake zuba wa wake a rumbu ita ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015. Don Allah ko da wasa kada a saka mata irin wannan a kaya.

Lambun bayan gida ma bai kai girman da zai buƙaci guba ba. Darɓa, a fesa mata ruwa da ƙarfi ko ruwan sabulun feshi. Tsutsar kabeji, a lulluɓe da raga mai laushi tun ranar dashe. Katantanwa marar ƙoƙo da ke cin latas da dare, a tsince da yamma. Zomo da kurege za su fi ƙwari ba ta ciwon kai, su kuma shingen ragar waya ne maganinsu. In ta ga wani tsiro mai farin ruwa a jiki da maƙwabta ke lallaɓawa, ɗan'uwan tumfafiyarmu ne, danginsu ɗaya. Shi kaɗai ne abincin tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙi, wanda ke tashi daga Kanada duk kaka ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa duwatsun Meziko. Da ana lissafa tsiron cikin muggan ciyayi a Ontariyo, a 2014 aka cire shi. Ta bar gindi ɗaya a gefe, amma ta hana yara wasa da ruwansa, yana da guba kuma yana cutar da ido.

Akwai abin da su kansu masu maganar muhallin suke tuntuɓe a kai. Ƙasar buhu da ake sayarwa don reno da tukwane, yawancinta ruɓaɓɓen gansakuka ne da ake yankowa daga fadamun ƙasashen sanyi, suna kiran sa fit, kuma Kanada na cikin manyan masu fitar da shi. Yana taruwa ne wajen milimita ɗaya a shekara, wato tsawon mita ɗaya aikin shekara dubu ne. Irin waɗannan fadamun wajen kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ne kawai, amma sinadarin kabon da suka riƙe ya fi na dukan dazuzzukan duniya, kuma in an tsane su an haƙe, iska yake komawa ya ƙara ɗumamar yanayi. A 2022 gwamnatin Ingila ta sanar da niyyar hana sayar da shi ga masu lambun gida. Madadinsa da ake tallatawa, zaren ɓawon kwakwa, shi ma daga Indiya da Sirilanka ake ɗauko shi a jirgin ruwa, ba wai ba shi da nasa nauyin ba. Ra'ayina, ƙaramin buhu ɗaya don reno ba laifi, tunda ƙasar fili ba ta dace da reno a ɗaki ba. Cika fangali guda da shi ne ɓarna. Wannan aikin takin gida ne da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na tumaki, wanda ake sayarwa a buhu, ga kuma ranakun da hukumar Toronto ke raba taki kyauta ga mazauna.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ya fi duk waɗannan muhimmanci ga jikokinki: in gidan tsoho ne, ko yana bakin babban titi, ƙasar jikin bango tana iya ɗauke da dalma, daga tsohon fenti da kuma man fetur mai dalma da Kanada ba ta daina ba sai 1990. Abin bai kai kusa da masifar Zamfara ta 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, amma gubar ita ce dai, kuma kayan ganye su suka fi ɗaukar ƙurar ƙasa. Ta kai ƙasar a gwada, ko ta yi fangali na katako mai tudu ta cika da sabuwar ƙasa. Fangali mai tudu yana da wata ribar, ya fi saurin ɗumi da tsanewa. Mu a nan muna nutsar da fangali don ya riƙe ruwa, su ɗagawa suke yi. Ta kuma nisanci bakin hanya, gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara yana taruwa a wurin ya ƙona shuka. Ruwa kuwa, ganga a ƙarƙashin indararo ta wadatar da ɗan lambu, a rufe ta saboda sauro, a zuba a gindin shuka ba a kan ganye ba, a kuma juye ta kafin hunturu don kada ƙanƙara ta fasa ta.

Aika iri kuma, wannan naki ne, Hajiya. Dokar Kanada ta ce duk iri, tsiro ko abincin da aka shigo da shi sai an bayyana shi a filin jirgi, ƙasa kuwa ko ta jikin saiwa ce ba a yarda da ita ba. Hukumarsu ta binciken abinci da tsirrai, CFIA, ke tsara abin da ya halatta, a nan kuma hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, ke ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Mu bai kamata a yi mana dogon bayani a kan dalili ba. Tsutsar tumatir ɗin nan, Tuta absoluta, 'yar Kudancin Amurka ce, ta shiga Sifaniya a 2006, a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Arewa har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. A cikin kaya irin waɗannan ƙwari da cututtuka ke tsallaka teku. Yawancin abin da take so ma akwai shi a can, da wani suna. Mutanen kudancin Indiya suna kiran yakuwa gongura, Larabawa suna kiran lalo mulukiyya, mutanen Jamaika suna kiran alayyafo kalalu, kuma duk suna da yawa a Toronto da shagunansu. Attaruhu ma 'yan Jamaika suna da nasu mai ƙamshi irin namu.

In Oktoba ta kama aka yi gargaɗin sanyin farko, ta girbe komai a yammacin ranar. Yakuwa da rama a shanya su a ɗaki ko a daskarar a firiza. Attaruhun da ya ƙosa bai nuna ba zai ƙarasa a cikin gida. Alayyafo ta yanke kawunansa kafin iri ya zube, in ba haka ba baɗi zai cika mata fili har ya tsallaka na maƙwabta. Zogale in ta gwada shi, a tukunya ne kawai, a shigo da shi ciki tun kafin dare ya sauka ƙasa da digiri 10, zai zubar da ganye ya yi kamar ya mutu, a rage masa ruwa a ƙyale shi. A wannan watan ne kuma ake binne tafarnuwa, sala-sala, zurfin ɗan yatsa, a rufe da ganye. Tana kwana a ƙarƙashin ƙanƙara, ta tsiro a Afrilu, a haƙe ta a Yuli.